Malam Mati da Rijiyar Bayan Aji Biyar

Duk wanda ya san Unguwar Kanya, wani ɗan ƙauye a gefen Ƙarfi, ya san Malam Mati mai aji biyar. Siriri ne, gajere, ba a raba aljihunsa da guntun alli, kuma in yana tafiya sai ka ce an aike shi ɗebo wuta. Shekararsa ashirin da uku yana koyarwa a firamaren garin, har ya kai ga koyar da 'ya'yan waɗanda ya koyar. Amma tsofaffi ba sa ce masa Malam sai a gaban yara. A wurinsu shi Mati na Tanko mai rijiya ne, kuma wannan sunan ya kwashe rayuwarsa yana gudu.

Tanko, mahaifinsa, haƙar rijiya da yasarta ya gada. Tun Mati yana shekara goma sha biyu ake ɗaura masa igiya a ƙugu a zura shi ya kwaso laka, don ƙaramin jiki ya fi daɗin juyawa a ƙasan rijiya. Doka ɗaya Tanko yake da ita. Kafin mutum ya shiga tsohuwar rijiya, sai an kunna fitilar aci-bal-bal an sa a guga an zura. In wutar ta kai ƙasa da ranta, a shiga. In ta mutu a hanya, iskar ciki ta ɓaci, kowa ya kama gabansa. Yakan ce abin da wuta ke ci shi mutum ke shaƙa.

Sau ɗaya tak Tanko ya karya dokarsa. A Tsiga ne, a gidan da ake shirin biki, mai gida na ta gaggawa, ba a sami mai a kusa ba. Tanko ya ce ai wannan rijiyar shi ya haƙa ta, ya san ta kamar ɗakinsa. Mati na cikin masu riƙe da igiya. Yana jin lokacin da igiyar ta daina motsi ta yi nauyi a hannunsa. Da aka jawo shi, an jawo gawa. Ranar Mati ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya rantse ba zai sake shiga rijiya ba har ya mutu.

Sai ya rungumi boko da hannu biyu, ba don son boko ba, don ita ce hanyar da ta fi nisa da bakin rijiya. Ya yi kwalejin horon malamai, aka turo shi garinsu. Ya sha neman a mai da shi Malumfashi ko Funtua, inda babu wanda ya san sana'ar ubansa. Amsar ɗaya ce kullum: ya kawo wanda zai maye gurbinsa. To wa zai zo? Duk malamin da aka turo, damina ɗaya yake yi ya ɓace. Daga baya tsohuwa ta ce ita ba inda za ta, sai ga aure, sai ga 'ya'ya, sai hanya ta lalace da masu tare mutane. Haka ya zauna, kamar akuyar da aka ɗaure a turke aka manta da ita.

Bazarar bara ce ta tono abin da ya binne. Famfon tuƙa-tuƙa ɗaya tilo na garin ya lalace. Rafin da ake ɗibar ruwa yana cikin daji, kuma tun da 'yan bindiga suka fara zirga-zirga ta wajen babu mai barin matarsa ko 'yarsa ta je. An aika wa masu yasar rijiya na wasu garuruwa, suka ce su ba za su biyo wannan hanyar ba. Abin da ya rage shi ne tsohuwar rijiyar da ke bayan aji biyar, wadda aka rufe da kwano da duwatsu shekara bakwai da suka wuce.

Ranar wata Litinin bayan la'asar, Mai unguwa Abdulmutallib ya yi masa sallama tare da dattawa uku.

"Malam," ya ce, kuma da jin wannan sunan a bakinsa Mati ya san babu lafiya, "ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Garin nan ba wanda ya san cikin rijiya sai kai. Asabar muke so a buɗe ta."

"Ranka ya daɗe, na yi rantsuwa."

"Rantsuwa tana da kaffara. Ƙishirwa fa? Matarka Rabi'atu ma jarka ɗaya take samu a yini, da ita za ta yi tuwo, da ita za ta yi wa tsohuwa wanka. Ko ƙarya na yi?"

Bai yi ƙarya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Mati ya sunkuyar da kai. In ya ƙi, ba shi da fuskar shiga masallaci. In ya yarda, yana jin nauyin igiyar nan ta Tsiga a tafin hannunsa har yanzu. Tsoro yake ji, tsoro tsagwaronsa, kuma a shekara hamsin babu wanda namiji zai faɗa wa haka. Ya ce Allah ya kai mu.

Ranar Alhamis darasin kimiyya ya faɗo kan mutum-mutumi, irin na'urorin da masana ke aikawa su yi musu bincike. Malam Mati ya daɗe yana ɗokin darasin, har ya sauko da wani ɗan bidiyo a wayarsa ranar kasuwar Malumfashi. Yara saba'in, waya ɗaya mai fasasshen gilashi, sai aka riƙa zuwa goma-goma ana leƙawa. Suka ga wata na'ura mai ƙafafun taya shida tana rarrafe a kan jar ƙasar duniyar Mas, tana tsintar duwatsu. Ya gaya musu akwai waɗanda ake zurawa ƙasan teku inda ruwa zai murƙushe mutum, akwai masu leƙa bakin dutse mai aman wuta.

"Ɗan aike ne," ya ce musu. "Duk inda mutum zai mutu in ya je, sai a tura shi ya riga mu. Ya duba, ya auna, ya aiko da labari."

Najiba, 'yar autar mai shayi, wadda bakinta ba ya shiru, ta ɗaga hannu. "Malam, to me zai hana a tura shi rijiyar makaranta maimakonka?"

 Ashe duk ajin sun sani. Ta taga ana hango kwanon da aka rufe rijiyar da shi, yana ƙyalli a rana. Malam Mati ya ajiye alli, ya ba su labarin fitilar babansa, labarin da bai taɓa ba ko 'ya'yan cikinsa ba. Ya ce mu ma muna da ɗan aikenmu tun kafin Turawa su ƙera nasu. Kafin a tashi, ajin ya haɗa nasa: gwangwanin tumatir, lagwanin tsumma, man gyaɗa da wata yarinya Murna ta ɗebo a kicin ɗin uwarta, duk a cikin guga, aka ɗaure wayar Malam a gindin gugan da roba tana kallon ƙasa don ta ɗauko hoto. Suka sa masa suna Ɗan Aike.

Asabar da hantsi gari ya taru. Kafin Malam Mati ya iso, samari sun riga sun janye kwano. Sun ji ana cewa ana zura fitila, to sai suka bi al'ada yadda suka ji ta. Wa ke da aci-bal-bal a zamanin nan? Suka ɗaura tocila mai caji a igiya, suka zura har ƙasa, suka jawo ta tana haske fes.

"Alhamdu lillahi," in ji Mai unguwa. "Fitila ta je ta dawo da ranta. Bismilla, Malam."

"Ranka ya daɗe, wannan ba fitilar ba ce. Sai mai wuta."

"Yo fitila ai fitila ce. Wannan ma ta fi haske."

Wani a baya ya ce boko ya cinye masa zuciya, aka yi dariya. Ana ta ɗaura masa igiya a ƙugu, yana magana babu mai saurare, don duk abin da ya faɗa a ranar sunansa tsoro. Sai ga 'yan aji biyar sun ratso taro ɗauke da gugansu. Najiba ta tsaya gaban Mai unguwa ko ɗar babu.

"Baba, tocila ba ta numfashi. Ko a cikin ruwa ka sa ta, haske za ta yi."

Mai unguwa ya dube ta, ya dubi tocilar, ya shafa gemu. Mutumin kirki ne, taurin kai ne kawai ya yi masa yawa. Ya ce a bar yara su yi wasansu. Aka kunna lagwani, aka fara zura guga a hankali, yara na ƙirga gaba-gaba da ƙarfi kamar suna haddar lissafi. Gaba biyar wuta na ci. Gaba bakwai ta fara rawa ta yi ja. A gaba tara ta mutu, saura gaba uku a kai ƙasa. Babu wanda ya sake yin dariya. Rabi'atu, da ke tsaye cikin mata, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Da a nan labarin ya ƙare, da na fi kowa murna. Amma Malam Mati ya san sauran aikin, kuma ba zai iya yin kamar bai sani ba. Shi da bakinsa ya ce a bar rijiyar a buɗe, a ɗaure rassan darbejiya masu ganye a igiya a riƙa zurawa ana jawowa don a kori muguwar iskar. Kwana uku samari na wannan aikin, kowace safiya 'yan aji biyar na tura Ɗan Aike. Hoton da wayar ta ɗauko ya nuna laka, da karyayyen benci, da tsofaffin robobi, da danshin ruwa a gefe ɗaya. Ranar Talata wuta ta kai ƙasa ta dawo tana ci.

Yara suka yi ta tsalle suna tafi. Shi kuwa Malam Mati gabansa ne ya faɗi, don hujjarsa ta ƙarshe ce ta dawo cikin gugan nan tana ci bal-bal. Ɗan Aike ya je, ya gani, ya kawo labari, amma ba shi da hannun kwasar laka.

Ya shiga wurin tsohuwa ya gaya mata. Ba ta ce masa je ka ba, ba ta ce kada ka je ba. Ta ce kawai, "Ka tafi da wutar." Ya tuɓe rigar koyarwa ya ninke ya miƙa wa Murna, allin na nan a aljihu. Ana ɗaura masa igiya Mai unguwa ya matso da fara'a, ya ce labari ya kai ƙauyukan kusa, har uku sun aiko suna neman malamin nan mai dabara ya zo ya duba musu tasu rijiyar. Malam Mati ya ɗauki gwangwanin daga cikin guga.

Aka fara zura shi, gwangwanin na ci a hannunsa. Sanyin bangon da warin tsohuwar laka suna nan yadda ya bar su shekara talatin da biyar da suka wuce. Ya ɗaga kai, ya ga kawunan yara sun zagaye bakin rijiyar, hasken na ƙanƙancewa. Suna ƙirga masa gaba-gaba kamar yadda suka yi wa guga. A gaba tara suka yi shiru, sai muryar Najiba ta gangaro.

"Malam, wutar tana ci?"

Ya dubi lagwanin.

"Tana ci," ya ce. "Ku ci gaba da ƙirga."