Ɗorawa Mai Rowa

Asibi mai daddawa ba ta san hutun zaman gida ba. Ita hutunta tafiya ne, kuma tafiyar ɗaya ce tal: komawa kufan ƙauyensu a ƙasar Ikara, inda Turawan lafiya suka tashe su saboda ƙudan tsando da ciwon barci. Sabon garin da aka ba su yana da rijiyar siminti da hanyoyi miƙaƙƙu. Ba ta taɓa kushe shi ba, don tun da suka koma can ba ta sake binne ɗa ba. Sai dai ɗorawoyin da ta gada wurin uwarta ba su da ƙafar da za su biyo ta.

Saboda haka kowace bazara, da ɗorawa ta nuna, sai ta tasa iyalinta a gaba: autanta Jumare, da matarsa Madina 'yar garin Paki, da jikoki. Kuma Asibi ba ta iya tafiya kai tsaye ba. Sai an tsaya gindin tsamiyar da suka yi gaɗa suna 'yan mata, ta ba da labarin da kowa ya haddace. Sai an sauka rafi an tona yashi an sha ruwa mai sanyi. A kan wani faffaɗan dutse ake dama fura, ana hango fadamun rake, yara suna ta tsalle. Daga nan a shiga tsinkar ɗorawa.

Akwai guda ɗaya can bayan dutsen, cikin sarƙaƙiya, kusa da inda aka kwantar da uwarta. Asibi na kiran ɗorawar nan Mai Rowa, don 'ya'yanta ba su cika ƙwarya, amma garinsu sai ka ce zuma. Asibi kaɗai ke kutsawa can, sauran su jira ta a inuwa.

Madina kuwa, tun daga tsamiya take fara ɗingishi.

"Inna, kalwar nan fa tana nan jibge a kasuwar Ikara," in ji ta.

"Zumunta a ƙafa take, 'yar nan, ko da itace ne," in ji Asibi, ko waiwaye ba ta yi.

Ana nan, wata shekara gwiwa ta kayar da Asibi, ko jaki ba ta iya hawa. Ba kalwa ce ta dame ta ba. Tsoronta shi ne hanyar kufai ta toshe daga kanta, jikokinta su tashi suna zaton asalinsu bakin rijiyar siminti ne. Jumare ya ce za su je a madadinta. Da safe ta ga fitarsu, Madina na baya tana hamma, sai ta ce a ranta: "Na san halin kayana. Kasuwa za su tsaya su sayo, su kwanta a inuwa, su dawo mini da daɗin baki." Yinin nan ko tuwo bai wuce mata ba.

Bayan la'asar suka dawo. Jumare ya dire buhu a gabanta, ba ta ko kalle shi ba. Sai Madina ta durƙusa, ƙafafunta duk karcen ƙaya, ta kwance gefen zane ta fito da wasu 'yan siraran 'ya'yan ɗorawa. Asibi ta ɓare ɗaya, ta lasa. Wannan zaƙin ba a sayar da shi a kowace kasuwa.

"Har can kika shiga?" ta tambaya a hankali.

"Da yaran duka, Inna. Mun share kabarin mahaifiyarki, mun yi mata addu'a. Labarin tsamiya ne dai ban iya shi kamar ke ba, sai gyara mini suke yi."

Asibi ta yi godiya ga Allah, ta yi ga yarinyar da ta daɗe tana yi wa kallon raguwa, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba. Ta ce Jumare ya miƙo mata allura, ta jawo ƙafar Madina ta ɗora a kan cinyarta.

"Zauna in cire miki ƙayar nan," in ji ta. "Ki kuma buɗe kunne in sake miki labarin daga farko, kada baɗi su yi miki dariya."