Haladu Da Sandunan Da Ba Su Cika Arba'in Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga Disamba 1978, da hantsi, Malam Haladu mai gina ɗakunan ciyawa ya cika a gidansa da ke Gadarif, bayan jinyar mako guda.

Haladu, shekara talatin muna zama a tabarma ɗaya, to bari in yi maka magana yadda muka saba. Duk wanda ya san ka ya san 'yar kwalbar aidin da ba ta barin aljihunka. Mutane na ɗiga shi a miki, kai kana ɗiga shi a itace. Ka koyo wannan tun kana lebura wurin ma'aikatan daji. Sai ka tsaga sanda, ka ɗiga. In wurin ya yi baƙi, ka ce, "Wannan tuwon ƙwaro ne, kada a ɗora."

Sau nawa ka yi mana bayani? Ka ce itace na ajiye abincinsa bayan damina kamar yadda muke cika rumbu. Abincin sitaci ne, irin na dawa, ƙananan ƙwayoyi cikin farin itacen da ke bin ɓawo, ban da zuciyar. Ka ɗaga carbinka ka ce sukari ne aka jera haka, wani zare ɗaya a murɗe, wani mai rassa, kuma cikin murɗin nan aidin ke maƙalewa ya yi baƙi. Ƙwaro ba itace yake so ba, rumbun yake bi. Saboda haka a sare bayan sabon ganye ya cinye ajiyar, ko a jiƙa sanda kwana arba'in a ruwa.

Wa ya saurara? Da taraktoci suka fara share daji don manyan gonaki, bishiyar ɗalha ta zube ko'ina a farkon rani, lokacin da take cike taf. Kowa ya kwasa ya ɗora ɗanya. Kafin shekara biyu garin itace na zuba daga rufi cikin miyar mutane, su ce ɗalha ce ba ta da kirki. Ɗakin Adda, tsohuwar nan marar kowa, da ya rufta, kai ka sake mata shi, kana aiki kana faɗa, ba ka ko sha shayinta ba. Da na yi maka dariya ka ce, "Ya Hajji, kai ma rufinka yana atishawa, na ji."

Ga abin da ya sa nake rubutu da zafin rai. Ɗakin maiɗakinka Batulu ya karkata, ba zai ga wata damina ba. Ka zaɓo sanduna sittin ka nutsar a kududdufin bayan unguwa, ka danne da duwatsu. Kwanansu tara ka kwanta, kwanansu sha shida ka tafi. Da muka dawo daga maƙabarta, sai na tarar maƙwabta sun tsamo su, sun kafa rakuba, wato rumfa, don masu zuwa gaisuwa. Ƙanenka Maliki ya ce mini, "Ai nasa ne, ya Hajji. In an tashi sai mu ɗora wa Batulu, halas, magana ta ƙare."

Na roƙi Batulu kwalbarka. A gaban jama'a na kankare sanda ɗaya na ɗiga. Baƙi ƙirin. Wani ya ce wannan ba ranar maganar itace ba ce. Na ce shekara talatin ba a samo ranarta ba.

Batulu ce ta raba gardamar daga bayan zana. Ta ce, "A mayar masa da su ruwa. Ni zan jira."

Ranar uku, ana gama addu'a, muka kwance rakubar. Maliki ne ya fara shiga ruwan da sandunan. Na soma ƙirgen daga farko, don na san kai haka za ka yi. Kwalbar tana wurina, saura kaɗan a ciki, kuma ban tambaye ka abin da ake yi in kududdufi ya ƙafe kafin arba'in ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya yafe mana rashin jinmu. Allah Ya ba Batulu da 'ya'yanka da Maliki haƙuri, Ya rufe ka da inuwar da ba ta rubewa. Amin.