Ranar da Kaka ya miƙo mini lema

Jiya hadari ya taso daga wajen Mararaba, ƙamshin ƙasa ya bugi hancina, sai marigayi Kaka ya faɗo mini a rai.

Yana da madubin hangen nesa na duban jinjirin wata. Kakarmu Hajiya ta ce falonmu na Garki ba zai ɗauke ta da wannan bututun ba, don haka a tsakar gida yake kwana, Kaka yana lulluɓe shi da tamfol kamar jariri.

Wata la'asar iska ta yi gaba da tamfol ɗin, ina jin sai a Kaduna ya sauka. Ruwa ya kece. Tsohon da kullum yake kukan ciwon gwiwa ya riga ni fita, ya tuɓe babbar rigarsa ya rufe madubin, ya miƙo mini lema.

Na ce, "Kaka, ashe kana sona haka!"

Ya ce, "Shi za ka riƙe wa, ja'iri! Kai ai za ka bushe. In ruwa ya shiga idonsa, da me za mu ga watan Sallah?"

Muka jiƙe sharkaf, haƙorana suna kaɗawa, shi yana ta dariya daga shi sai singileti, Hajiya tana salati ta taga. Madubi ya tsira, mu muka kwashi mura.

Allah ya jiƙansa, ya sa shi a inuwar da ba ta yoyo.