Ƙwan Alawa Sittin da Aka Cinye Mini

A shekarar da Ista ta faɗo cikin azumi abin ya faru. A tsaye na yi aikin nan, ƙishirwa na cin maƙogwarona, hannuwana dumu-dumu da bota da sukari, ba halin in lasa.

Muna zaune a ƙasar Larabawa, unguwar Al Nahda, bene hawa na tara, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara uku. Ƙofarmu na kallon ta wata dattijuwa 'yar Wusasa, nas ce a wani asibiti a unguwar Deira. Kirista ce, Mama muke ce mata. Lokacin da na haihu mahaifiyata ba ta samu biza ba, Mama ce ta riƙa dafa mini ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta gasa mini jiki da tawul kafin ta tafi aiki. Har na yi arba'in ba ta tsallake rana ɗaya ba.

Duk shekara in Ista ta matso takan yi wa yaran cocinsu wata alawa mai siffar ƙwai, cikinta fari mai laushi, bayanta cakulan. Tun tana budurwa ta koya a hannun wata Baturiya da ta koyar da su aikin jinya. A wannan shekarar, saura mako biyu bikin, ta zame a banɗaki ta karye a wuyan hannun dama. Na shiga duba ta na tarar da ita zaune gaban kayan haɗin da ta riga ta sayo, ta zuba musu ido.

"Bana dai yaran nan sai haƙuri," in ji ta.

"Mama, ga hannu biyu a gabanki," na ce. "Ki faɗa mini yadda ake yi kawai."

"Ke da kike azumi? Tsayuwa ce fa, 'yar nan."

Na ce na ji, na kwashe kayan zuwa kicin ɗina.

A makon ne kuma yayar maigidana ta sauka a gidanmu. 'Yar kasuwa ce, daga Kano take zuwa sarin lesuka da turare. Da safe ta tafi kasuwar Murshid Bazaar, da yamma ta dawo da ledoji ta zube a falo, ta miƙe ƙafa tana waya da masu kago, masu aika mata kaya gida. Ta girmi mijina da shekara goma sha biyu, ita ta goya shi, kuma ba ta taɓa bari ɗayanmu ya manta ba. Yaya muke ce mata.

Ranar Larabar makon bikin na taso daga aiki da azahar. A ɗakin gwajin jini nake aiki, tun safe ina tsaye, na dawo na ci gaba da tsayuwa. Na bar botar ta saki, na buga ta har ta yi fari, na riƙa zuba garin sukari kaɗan-kaɗan, da madara cokali biyu, da fanila, da ɗan gishiri. Mama ta ce sai ƙullin ya daina kama yatsa. Tun da ba zan iya ɗanɗanawa ba, sai in ɗebo a cokali in tsallaka mata. Sau huɗu na ƙwanƙwasa ƙofarta. "Ƙaro gishiri." "Ya yi ruwa, ƙaro sukari." A na huɗun ta lumshe ido ta gyaɗa kai.

Mulmulawar ce aiki. Zafin tafin hannu narkar da bota yake, sai ka yi uku ka tsoma hannu a ruwan sanyi ka goge, ka sake. Rabi na sa musu kwakwa, rabi na bar su haka. Sittin cif na jera a tire uku, na sa a firij suka kwana.

Ranar Alhamis na narka cakulan. Ba a ɗora shi kan wuta kai tsaye, kwano ake ɗorawa a kan tukunyar ruwan zafi, kuma ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa ciki, ya dunƙule ke nan. Na ƙure sanyin esi har 'yata ta nemi rigar sanyi. Ɗaya bayan ɗaya nake ɗora ƙwan a cokali mai yatsu, in tsoma, in ɗaga, in jira ya tsane, in ajiye a kan takarda. Ƙamshin ya cika gidan, cikina na ƙugi. Kafin a kira magariba bayana ya riƙe, amma da na tsaya na dube su a jere suna ƙyalli, sai da na ɗauki hoto.

Yaya ta leƙo kicin ɗin ta ce, "Iye! Wannan fa na waye?"

"Na maƙwabciyarmu ne, Yaya. Hannunta ya karye, na taya ta. Ranar Asabar za ta ɗauka. Don Allah kar a taɓa."

Ta ce, "To." Da kunnena na ji. Firij ɗin Mama ƙarami ne, ba zai ci tire uku ba, shi ya sa na bar su a nawa.

Ranar Juma'a aikin yamma gare ni, a can na sha ruwa. Na dawo bayan isha'i. Tun daga bakin lif na ji hayaniyar mata, a ƙofarmu kuma takalma sun kai ƙafa takwas. Yaya ta gayyato abokan kasuwancinta buɗa-baki, ba ta ko gaya mini ba. Na yi sallama na shiga. A tsakiyar ledar cin abinci, tsakanin kwanon ƙosai da ƙwallayen dabino, ga tirena biyu, ba komai a kansu sai takarda da shatin cakulan. Na wuce kicin ban cire takalmin aiki ba. Tire na uku ma babu.

Na dawo falo.

"Yaya, ina ƙwan da ke firij?"

"Au, alawar nan? Kai, kin iya! Baƙina sun yaba. Sauran na ƙulla musu su kai masauki."

"Na ce miki ba nawa ba ne. Na ce kar a taɓa."

"Haba, ke kuwa. Na ɗauka rowa ce irin ta matan yanzu. Wa zai yi wa maƙwabciya wannan wahalar? Khalas, shi ke nan, gobe ki sake wani."

Ki sake wani. Kamar shayi ta ce in dafa.

Wata daga cikin baƙin, 'yar Maraɗi, ta ajiye kofinta ta ce, "Madam, na biki ne? Suna za a yi?"

Da na ce eh, da maganar ta mutu a nan. Amma ban ga abin ɓoyewa ba. Na ce, "Na Ista ne. Yaran cocinsu za a raba wa ranar Lahadi."

Yaya ta miƙe zumbur, mayafinta ya zame.

"Coci? Abincin coci kika ciyar da mu, da bakin azumi? Innalillahi! A gidan ƙanena?"

Ni na ciyar da su! Ni da nake can ina ɗibar jinin mutane lokacin da ta buɗe firij ɗina. Ban taɓa ɗaga wa matar nan murya ba tun da aka kawo ni gidansu, amma ranar na ɗaga.

"Ban ba ki ba, Yaya, ɗauka kika yi. Bota ce da sukari da madara, da hannuna na yi, da alwalata, da azumina. Ba abin da ya shiga cikinku sai halal. Abin da ba halal ba shi ne ɗaukar abin da aka ce miki na wani ne."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Matar da kike ƙyamar abincinta ita ta wanke 'yar ƙanenki ranar da aka haife ta. Lokacin kina ƙasar nan, kina sari, ko leƙowa asibiti ba ki yi ba."

Wannan gaskiya ce, shekara uku ina haɗiye ta. Baƙin suka fara laluben jakunkuna. 'Yar Maraɗin ta buɗe tata, ta fito da ƙullin leda ta ɗora a kan tebur. "Pardon, 'yar'uwa, wallahi ba mu sani ba." Wata ma ta ajiye nata. Sauran suka fice da nasu. Na kwance ledojin: guda tara, sun dame, sun manne da juna.

Ana cikin haka maigidana ya dawo daga tarawihi. Yaya ta tare shi da kuka, wai matarsa ta zage ta gaban mutane, wai an mai da gidansa kicin ɗin coci. Ya san komai. Shi ya riƙe mini yarinya ranar Alhamis ina tsoma ƙwan. Na tsaya ina jira ya buɗe baki ya ce, Yaya, an gaya miki. Sai ya sosa ƙeya ya dube ni.

"Ki yi haƙuri mana. Alawa ce fa kawai. Gobe sai in sayo na kanti, cike suke da su, har da masu takardar gwal."

Ita na san halinta. Shi ne ya ƙona mini rai. Na shige ɗaki na turo ƙofa, ko sahur ban haɗa musu ba, kowa ya nemi abin da zai ci.

Da safe na tsallaka wurin Mama da ledar nan a hannu. Na so in faɗa a tsanake, sai kuka ya ƙwace mini. Ta saurara har na gama. Ba ta ce mini "ba komai" ba. Ta daɗe tana kallon ledar, fuskarta a ɗaure.

"Na ji hayaniyar jiya," ta ce. "Bangon nan ba kauri gare shi ba. Na ji abin da ta kira abincina."

Na rasa inda zan sa fuskata.

"Ba ke kika faɗa ba, ɗago kanki. Na kanti kuwa mijinki ya riƙe abinsa. Yaran nan sun san nawa." Ta dubi agogo. "Yalla, tashi, akwai sauran yini. Amma a kicin ɗina za a yi, ko da a kan kujeru za mu jera su."

Na koma na tashi maigidana, na rubuta masa abin da zai sayo, na ce kar ya dawo da wani iri daban. Ya ɗauki makullin mota ya fita. Yaya na kwance a falo ta juya mini baya, ni ma ban gaishe ta ba.

Aikin kwana biyu muka dunƙule a yini ɗaya. Mama na zaune a kan kujera da hannunta a rataye, tana ɗanɗanawa tana ba da umarni. Ba lokacin da ƙullin zai kwana, sai muka kwashe naman da ke gidan ƙanƙara muka cusa su ciki. Ina buga bota ina maimaita maganganun jiya a raina, ina ƙaro waɗanda ban faɗa ba. Garin sauri na ɗaga murfin tukunya, ruwan tururi ya ɗiga cikin kwano, cakulan ɗin ya dunƙule kamar taɓo. Na buga cokalin a kan teburin kicin har ya yi tsalle.

"Shwaiya-shwaiya, bi a hankali," in ji Mama. "Ba shi ya yi miki laifi ba. Zubar, ɗauko ragowar."

Ragowar ba ta isa sittin ba. Talatin da huɗu muka samu, ƙanana, wasu sun karkace, wasu farin cikin na leƙowa ta gindi. Mama ta ce a yanka manyan cikinsu rabi-rabi ga yara 'yan gida ɗaya. Da aka kira magariba ta miƙo mini ɗaya da hannun hagu, wanda ya fi muni, ta ce in sha ruwa da shi. Sai a lokacin na san ɗanɗanon abin da na kwana uku ina yi. Ya yi daɗi ƙwarai, hakan ma ya ƙara mini haushi.

Ranar Lahadi da sassafe na taya ta saukar da tiren zuwa tasi. Ranar Talata Yaya ta gama haɗa kagonta ta koma Kano, ba mu yi sallama ba.

Bayan Sallah surukata ta kira ni. Labari ya riga ya isa, an ƙara masa gishiri. Ta ce, "'Yata, tambaya ɗaya zan yi miki. Akwai giya ko alade a ciki?" Na ce babu, Hajiya. Ta ce, "Kin gaya mata kar ta taɓa?" Na ce na gaya mata. Sai ta ce ita ta san 'yarta, amma duk da haka ni ce ƙarama, in daure in kira ta in ba ta haƙuri. Na ce to, Hajiya, na ji.

Yanzu in Yaya ta zo sari, a wani otal take sauka a unguwar Port Saeed, nan cikin gari, ƙanenta ya je can ya gaishe ta. Duk zuwan da za ta yi sai ya tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu ya ce, "Ba za ki zo mu je ba?" Nakan ce ya gaishe ta. Hajiya ta tuna mini sau biyu. Har yau ban kira ba.