Halliru Marini da Kifin Tafki

Duk wanda ya zauna a ƙauyen nan na gindin duwatsun Roni ya san Halliru marini, Allah ya jiƙansa. Hannuwansa shuɗi ne har gwiwar hannu, ko ranar Idi. Rini gadonsa ne. Da baban rini da toka ya buɗe ido, kuma kamar mahaifinsa, in ya tsamo zane daga karofi sai ya gangara tafki ya ɗauraye. Kifaye sun saba da shi, har kewaya ƙafafunsa suke yi.

Tafkin kuwa amanar Daudu ce, sarkin ruwa, abokinsa tun na ƙuruciya. Doka ce, ba mai jefa koma ko ƙugiya sai ranar su, wato bikin kamun kifi, sau ɗaya a shekara, gari ya fito gaba ɗaya.

Shekarar da naira ta fito, wani falke ya kawo wa Halliru shunin gwangwani daga Kano, haɗe da farin gari mai cin hannu, wai shi soda. Aikin mako ya koma na wuni. Ya rina turmi goma a rabin duro, ya ɗauraye a tafki, ya tuttule sauran ruwan a ciki. Ga shi damina ba ta yi albarka ba, ruwa ya ja baya ƙwarai.

Kafin la'asar ƙananan karfasa sun taso sama suna haki. Washegari da hantsi har tarwaɗa, duk taurin ranta, ta juya ciki sama. Saura kwana huɗu a yi su.

"Magimfa aka zuba, dafin kifi!" in ji Dela mai suyar kifi. "Wa ke gadin ruwan? Ya bugar da kifin, ya kwashi manya ya kai Kazaure, ya bar mana wari."

Kan azahar magana ta zaga gari. Mai gari ya aika wa Daudu ya zo bayan Juma'a ya ajiye mashin sarauta.

Halliru ya tsuguna bakin ruwa, ya ɗauki karfasa ɗaya, ya ɗaga murfin kunnenta. Cikin ya saluɓe, irin saluɓewar yatsunsa tun jiya. Ba wanda ya dube shi. Wa zai zargi marini, alhali tun kakanni a nan ake ɗauraya? In ya yi shiru, shi ke nan. Amma kwana biyu, duk alwalar da zai yi sai ruwa ya yi masa zogi a yatsu.

Ranar Juma'a ya kutsa gaban jama'a ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ba magimfa ba ce. Ni ne." Ya buɗe tafukansa, ya faɗi komai.

Sai Daudu ya ce, "Kai, tsohon banza! Shekara arba'in kana shafa wa kifina shuni lafiya lau, sai yanzu da ka waye?" Shi kaɗai ya yi dariya, ita ma ba ta yi nisa ba.

Mashi ya zauna hannun Daudu. Su dai ba a yi ba a shekarar, kuma an daɗe mata suna kai zannuwansu wata marina. Halliru bai bar soda ba, don kasuwa ita take so. Sai dai ya haƙa rami can bayan dutse, nesa da hanyar ruwa, ya sayi jaki yana jidon ruwa da tuluna. Har tsufa ya kama shi ba a sake ganin ƙafarsa cikin tafki ba.

In an yi su, Daudu kan aika masa da tarwaɗa. Yakan karɓa hannu biyu, ya yi godiya, ya miƙa wa maƙwabta.