Zinariyar da Auta Ya Ɗora wa Yaya

In aka kai abin kasuwa, ba mai taya shi: mutum huɗu, waya huɗu, da ɗan lokacin da ke tsakanin La'asar da Magariba. Amma ga Yayana, wannan ce hirar da ta rage masa tun da babur ya kayar da shi, karayar cinya ta kwantar da shi a Katagum.

Ni ina Azare, sana'ata saye da sayar da shanun huɗa. Ƙaninmu Auta, mai gyaran waya, shi ya koya mana wani wasan harbi da ake yi huɗu da huɗu ta intanet, ana jin muryar juna. Muka cike da maƙwabcina tela. Yaya na kan katifarsa, muna bakin shago, amma sai ka rantse tabarma ɗaya muke.

Wasan yana da ma'auninsa. In ka yi nasara ya ɗaga ka, in aka doke ka ya sauke ka, daga matakin tagulla zuwa azurfa zuwa zinariya. In za ku shiga fili, sai ya auna ƙarfinku ku huɗu, ya nemo wasu huɗu masu irin nauyinku. Ban sha wahalar gane wannan ba. Ba a ɗaura ƙaton sa da maraƙi a garma ɗaya, kuyya za ta karkace.

Yaya yana tagulla. Yatsunsa na manomi ne, yakan harbi bango ya ce bangon ne ya tsokane shi. Tela ya ce, "Yaya, ka kashe bishiya biyu yau, saura mutum!" Shi ma ya yi ta dariya.

Auta ne abin ya dama. A gidanmu ba a zama sama da babba, ga shi kullum sunansa na bisa, na Yaya na can ƙasa. Da ya je dubiya, ya karɓi wayar Yaya wai zai gyara, ya taho da ita Azare, ya yi ta wasa da sunan Yaya har ya kai shi zinariya, sannan ya mayar.

Wasa bai san kunya ba. Ya ɗauka Yaya gwani ne, ya dinga jeho mana maharban da ba sa kuskure. Kafin Yaya ya tsinci bindiga an kwantar da shi, sai ya zauna kallo. Dariya ta ɗauke. Wata rana ya ce, "Ku nemi wani, ni na tsufa." Bai sake shigowa ba.

Da na gano aikin Auta ne, ranar Juma'a na sa shi a gaba muka tafi Katagum. Ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi.

"Girma na so in ba ka, Yaya."

"Girma? Ka ɗora mini buhun gero ina kan ƙafa ɗaya!" Ya juyo gare ni. "To, dillali, ina mafita?"

Na ce, "Ba a sayar da zinariyar nan. Ka dawo ka yi wasanka yadda ka iya, mu sha kashi tare, har ma'auni ya gane ka."

"Wato a yi ta kashe ni har in samu lafiya."

Haka aka yi. Mun sha duka ba kaɗan ba, ni da tela muka zamo daga azurfa, Auta ya rasa matakin da yake taƙama da shi. Yaya ya koma tagullarsa, inda ake samun masu harbin bango irinsa. Ranar da ya fara kayar da mutum, ihunsa sai da ya sa matarsa ta yar da ludayi.

Na yi lissafi yadda na saba. Asara, matakai uku da ba sa sayen ko gishiri. Riba, in an idar da La'asar wayata takan yi ƙara, in ji Yaya yana cewa, "Ina ɓarawon wayar nan? Ku shigo mana!"