Sukudireba Mai Sawun Haƙora

Garejinmu na Jambutu mutum biyu ne suka riƙe shi, ni da Hamma. Ni mai walda ne, iyayena daga kudancin Adamawa suka zo Jimeta. Shi kuwa Bafulatanin cikin Yola ne, bakanike, ya girme ni, shi ya sa nake ce masa Hamma, wato yaya. Ran Juma'a ni ke tsaron gareji, ran Lahadi shi. Sauran kwanakin kuma musu muke yi.

Hamma ba ya ƙaunar kowane inji sai mai fulogi shida a jere. Ya ce shi kaɗai ne injin da ba ya rawar jiki, sauran duk masu zazzaɓi ne. Kuma da kunne yake aiki. Mota na shigowa, kafin direba ya buɗe baki ya riga ya faɗi ciwonta. Wannan abu yana ba ni haushi, don ban taɓa kama shi da kuskure ba, kuma na nema.

Sai kunnen ya fara tafiya. Da farko ya ce mu ne muka koma magana ƙasa-ƙasa. Daga baya asibiti suka ce sai haƙuri. Ya shiga ɓoyewa, yana gyaɗa kai ga maganar da bai ji ba.

A lokacin muna haɗa wani inji namu na kanmu, wanda muka ciro daga tsohuwar motar Jamus da ta shekara kaji na ƙwai a cikinta a Demsawo. Hamma ya sa aka faɗaɗa silinda, ya sa manyan fistin, aka kankare kan injin don matsi ya ƙaru. Ya cire kafireta ɗaya, mai haɗa wa inji fetur da iska, ya jera uku, kowace tana ciyar da silinda biyu. Ni na lanƙwasa bututun hayaƙi guda shida, tsawonsu ɗaya, ya yi ta mayar mini da su wai tsawon bai zo ɗaya ba, har na rantse ba zan sake taɓa su ba, na kuma sake.

Muka mayar da injin cikin motar, ya tashi, amma yana tari. Kafireta uku sai an daidaita numfashinsu, kuma wannan aikin kunne ne. Hamma ya ɗora bakin doguwar sukudirebarsa a kan injin, ya manna ƙotar katakon a kunne kamar yadda ya saba. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, na ga fuskarsa, na kau da kai.

Ya ce mini in bai iya saita injin nan da kansa ba, zai bar mini garejin ya koma gonarsu a Namtari. Na ce masa mutumin da bai san bambancin masara da dawa ba, me zai noma? Bai ji ni ba. Gaskiya tsoro ya kama ni, don ban san yadda ake buɗe garejin nan ba tare da shi ba.

Kwanaki yana fama. Na ce in saurara masa, ya ce kunnen mai walda ƙarar guduma kawai ya sani.

Wata ranar da hantsi, yana sunkuye, hannu ɗaya a totur, ɗaya a kan sukurun kafireta. Ba inda zai ajiye doguwar sukudirebar, sai ya cije ƙotar da haƙora. Ya ƙara sunkuyawa, bakin ƙarfen ya taɓa murfin injin. Sai na ga ya sandare. Na zaci wuta ce ta ja shi, har na kai hannu zan kashe motar, ya buge mini hannu.

Ya cire ƙotar daga baki, idonsa ya ciko. "Yana nan," ya ce. "Ina jin shi. Kafiretar tsakiya ce take shan iska da yawa."

Ta haƙora ƙarar take shiga masa kai. Ya mayar da ƙotar, yana murɗa sukuru kaɗan-kaɗan, yawu na zuba a rigarsa, bai damu ba. Tarin ya ragu, ya ɓace. Ya ɗora kofin shayinsa a kan injin yana aiki, shayin ko motsi bai yi ba. Da la'asar muka hau hanyar Numan, ya taka totur har na fara karanto addu'ata, shi yana ta dariya.

Da muka dawo, ya cije ƙotar, ya ɗora bakin sukudirebar a ƙashin ƙirjina, ya yi mini alama in yi magana. Abubuwa da yawa na so in faɗa.

Na ce, "Hamma, bututun nan shida tun farko daidai suke."

Ya zare ƙotar ya ce, "Ƙarya kake. Gobe ka zo da wuri, akwai aiki."